Bakan Da Ba A Rufe Ba

Ƙarfe ɗayan dare a Valparaíso.
Lif ɗin tudu ya daina kuka tun goma,
karnukan unguwa sun raba matakala sun kwanta.
Can ƙasa a tasha ƙugiyoyi na ɗaga kwantena,
ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Ni ma ɗaurin kaya nake.
Da rana ina buga hatimi a ofishin kwastan,
da dare in ɗaure abin da ba shi da nauyi:
layi ɗari huɗu da sha biyu,
ɗan ƙari ga manhajar rubutu.
Aikinsa guda ne: in ka buɗe baka ka manta,
sai ya shafa masa ja, ya zuba maka ido.

Shekara shida ina cin moriyarsa
ban tambayi wanda ya ƙera ba,
sai da na so kai shi rumbun kowa,
inda mutum zai buga kalma uku ya samu kyauta.

A kwamfutata yana tafiya sumul.
Na kai shi ɗakin gwaji, inda ba kowa, ba komai,
ya faɗi warwas.
Ashe da wasu biyu yake jingine, ban sani ba.
Na rubuta sunayensu: wannan ba ya tashi sai da wannan.
Na nuna wa kowane fayil inda zai kwana.
Ya faɗi. Na gyara. Ya faɗi.
Tebur ya yi rawa, ƙasa ce ke gyara kwanciya,
na riƙe kofi da hagu, na sake bugawa da dama.
A karo na tara ya tsaya da ƙafarsa.

Ilmar mai dubawa, daga Tartu,
wanda ban san fuskarsa ba, sai waƙafinsa,
ya amsa kafin gari ya waye mini:
"Ɗauri ya yi kyau. Ina lasisi?
Kayan da mai shi bai ce a ɗauka ba
ba ma ɗauka, ko a bakin hanya ya ajiye."
Na ji haushi har wuya.
Amma ni ma haka nake mayar da kwantena.

A saman fayil akwai suna:
Evaristo Cárcamo, Punta Arenas.
Na rubuta. Shiru.
Na sake. Shiru kamar an shuka dusa.
Hunturu ya zo, ruwa ya ci fentin bangonmu, ya wuce.
A wata na biyar amsa ta iso,
ba daga gare shi ba.

"Ni 'yarsa ce, Ondina.
Baba ya rasu bara waccan.
Malamin lissafi ne, idonsa ya yi rauni,
shi ya sa ya zaɓi ja.
Ban gane abin da kike nema ba,
amma mutum ne da ya ba da littattafansa,
har kwale-kwalensa ya bayar.
Faɗa mini abin da zan rubuta."

Na faɗa mata.
Ta nemo ƙanenta, shi ma magaji ne, suka sa hannu.
Layi ashirin, izini ga kowa:
ɗauka, gyara, raba,
kada dai a goge sunansa.

Ilmar bai ja zance ba: "Ya shiga."

Gobe wani, a garin da ban iya faɗin sunansa ba,
zai buga kalma uku, ya jira daƙiƙa biyu,
ba zai karanta komai ba.
Can ƙasa, inda ba a leƙawa, akwai layi biyu.
Mawallafi: Evaristo Cárcamo.
Mai kula: Nélida Quilodrán.
Ranar da ya sake faɗuwa, ƙofata za a ƙwanƙwasa.

Na buɗe sabon shafi,
na buga baka ɗaya da gangan, na janye hannu.
Jan ya fito.
Na bar shi haka, muna kallon juna,
har lif ɗin tudu ya fara kukan asuba.